ZAUREN MALAMA: Jiki Ma Ɗaki Ne, Ba a Shigarsa Sai da Sallama

   

A wannan watan na so mu ci gaba da bayanin hukunce-hukuncen jinin biƙi da muka faro, to amma wata magana ta daɗe tana ci mini rai, na ga gara in amayar da ita tukuna. Maganar kuwa ita ce ta hannun mai koyarwa, wato hannun da ake ɗora wa mace a jiki da sunan za a gyara mata tsayuwa ko zama ko sunkuyo. An taɓa ɗora mini irin wannan hannu na ji jiki, ni ma kuma na taɓa ɗora wa wata na cuce ta ban sani ba. Duka biyun zan gaya miki.

Duk wadda take fitowa da sassafe ta nan Ƙofar Mata, tun kafin masu rini su hallara a karofi, za ta ga abin da ba mu saba gani ba a da: mata da hijabansu da takalman kambas suna ɗaga ƙafa da sauri, wasu sun nufi wajen filin wasa na Sani Abacha, wasu kuma suna jiran adaidaita sahu ta kai su gidajen motsa jiki na mata zalla da ake ta buɗewa a unguwanni. Wannan abin farin ciki ne, domin hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa sun yi mana katutu, zaman wuri ɗaya kuma yana ƙara musu ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Addininmu ma bai hana ba. Uwar Muminai Nana A'isha (RA) ta ba da labarin tseren da suka yi da Manzon Allah (SAW) har sau biyu, na farko ta wuce shi, na biyu bayan ta yi jiki shi ya wuce ta. Saboda haka kada wata ta karanta wannan rubutu ta ce Malama ta ce a koma ɗaki a zauna.

Abin da ya same ni

Wata huɗu bayan haihuwata ta uku, ciwon kwankwaso ya sa ni gaba. Wata aminiyata da muka yi kwalejin ilimi tare ta ce in zo ta kai ni inda ake koya musu yoga, a wani gida can wajen ganuwa, mata ne zalla. Na nemi izinin maigida ya ba ni. Mu kusan ashirin ne a wani babban falo, kowa da 'yar tabarmarta ta roba. Mai koyarwar yarinya ce mai fara'a da ladabi, kowa Anti yake ce mata, kuma har ga Allah kwana ukun farko na ji daɗin jikina.

A rana ta huɗu ta ce mu zauna mu miƙe ƙafafu, mu sunkuya mu kamo 'yan yatsun ƙafa. Ni iyakar hannuna ƙwauri. Ina nan ina fama, ban ji tahowarta ba, sai jin tafukan hannu biyu na yi a gadon bayana, ta danna ni da nauyin jikinta tana cewa, "Malama, saki jikinki mana, ai sai an sha wuya ake shan daɗi." Nan take wani abu ya tsarga mini daga ƙugu zuwa bayan cinya kamar an soka mini tsinke mai zafi. Ta ce, "Kin gani? Ga shi kin kamo!" Kin san abin da na yi, 'yar'uwa? Murmushi na yi, na ce na gode. Na gode fa na ce!

Da asuba na tashi salla na kasa ruku'u. Sati uku cur a zaune nake salla, goyo ma sai dai ƙanwata ta ɗauka ta ɗora mini a cinya in ba shi nono. Daga ƙarshe maigida ya kai ni Asibitin Ƙashi na Dala, aka duba aka ce tsokar bayan cinya ce ta ɗan yage a daidai inda ta kama ƙashin mazauni, aka rubuta mini gashi na wata biyu. Likitar da take mini gashin ce ta fahimtar da ni cewa a lokacin goyon ciki jikin mace yana fitar da wani sinadari da ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓi domin haihuwa ta zo da sauƙi, kuma jiki ba ya komawa daidai ranar da aka yi arba'in, yakan ɗauki watanni. Mai jego tana iya lanƙwasuwa fiye da ƙa'ida ba ta ankara ba, sai ɓarna ta auku. Sannan ta tambaye ni, "To Malama, da kika ji zafi me ya hana ki ce ta daina?"

Na rasa amsa. Amma na yi ta juya tambayar a raina har na gano abin da ya rufe mini baki. Akwai kunya, kada a ce babbar mace da raki. Akwai kara, yarinyar tana ta fara'a, ina zan gwasale ta a gaban mutane? Akwai kuma tarbiyyar da aka yi mana tun muna makarantar allo cewa malami ba a yi masa musu, shi ya sani, ke ba ki sani ba. Duka waɗannan halaye ne masu kyau a muhallinsu, amma ranar sun taru sun kai ni ga garin neman gira na kusa rasa ido. Ita Anti ban riƙe ta a zuci ba. Na tabbata ba mugunta ta yi nufi ba, yadda ta ga ana yi ta yi. Sai dai ba ta tambaye ni ko ina jego ba, ba ta tambaye ni ko in yarda ta taɓa ni ba, ba ta ma bari na ga tahowarta ba.

Abin da ya faru a can inda abin ya fito

Ita dai yoga asalinta daga Indiya take, kuma tana da jijiya a addinan can. A yau ta bazu duniya a matsayin motsa jiki na miƙa gaɓoɓi da daidaita numfashi, har Majalisar Ɗinkin Duniya a Disambar 2014 ta ware ranar 21 ga Yunin kowace shekara dominta. Malamai sun yi magana a kanta. Majalisar fatawa ta Maleshiya a 2008 ta haramta wa Musulmi yogar da ta haɗa da ambato da ibadar addinin Hindu, majalisar malaman Indunisiya ma a 2009 ta hana mai irin waɗannan ambato, ta bar wadda take motsa jiki ce tsantsa. Saudiyya kuwa a 2017 ta amince da ita a jerin wasanni. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, duk ajin da aka ce ki maimaita wasu kalmomi da ba ki san ma'anarsu ba, ko ki yi wa rana gaisuwa, ki naɗe tabarmarki ki fito. Miƙa da numfashi ba su bukatar ko ɗaya daga ciki.

To amma abin da ya kawo mu yau shi ne al'adar gyara da hannu da ta shahara a ajujuwan yoga, inda malami zai zo ya danna bayan ɗaliba, ko ya ja mata ƙafa, ko ya murɗa mata ƙugu. Bayan na warke na bi diddigin abin, sai na tarar ashe ni nawa mai sauƙi ne. Akwai wani shahararren malaminsu mai suna Pattabhi Jois a garin Maisur na kudancin Indiya, wanda Turawa suka yi ta tururuwa zuwa wurinsa shekara da shekaru har ya mutu a 2009 yana da shekara 93. Daga 2017 mata da dama suka fito suka bayyana cewa ya riƙa taɓa su a wuraren da ba su dace ba da sunan gyara, kuma ba a ɓoye ba, a gaban aji cike da mutane, har akwai hotuna. Wasu kuma sun ce ƙarfin dannawarsa ya ji musu ciwo a gwiwa da baya. Da yawa sun gani sun yi shiru, domin an cusa musu cewa hannun babban malami albarka ne. Sai a 2019 jikansa da ya gaje shi ya fito ya amsa cewa ya ga irin wannan gyara da bai dace ba, ya ba da haƙuri.

Haka nan wani mai suna Bikram Choudhury, wanda ya yi suna a Amurka da yogar da ake yi a ɗaki mai zafin gaske. Mata da dama sun kai shi ƙara kan cin zarafi, kuma a 2016 wata kotu a Los Anjalas ta ci shi tarar miliyoyin daloli a ƙarar da tsohuwar lauyarsa ta shigar, daga nan ya bar ƙasar. A 2017 wata fitacciyar mai koyar da yoga 'yar ƙasar Suwidin, Rachel Brathen, ta nemi mata su aiko mata da abin da ya taɓa samun su a aji, ta sami labarai sama da 300.

Bayan wannan tonon silili ne suka fara gyara. A wurare da yawa yanzu ana ba kowace ɗaliba wani ɗan kati ta ajiye a bakin tabarmarta, fuska ɗaya tana nufin a taɓa ni, ɗayar tana nufin kada a taɓa ni, kuma tana iya juya shi a tsakiyar darasi ba tare da ta yi wa kowa bayani ba. Ƙungiyar Yoga Alliance, mai yi wa malaman yoga rajista a Amurka, ta sa a ƙa'idojinta na 2020 cewa sai an sami yardar ɗalibi a fili kafin a taɓa shi. Akwai ma tsarin da aka ƙirƙiro a yankin Boston domin matan da aka taɓa cin zarafinsu, wanda a cikinsa malami ba ya taɓa kowa ko kaɗan, da baki kawai yake koyarwa.

Nawa laifin

Ina cikin jinjina wa kaina cewa ni aka zalunta, sai Allah Ya tuna mini da wata ɗalibata. Kin san a ajin matan aure, idan muka kai babin salla a Ahalari, nakan ce kowa ta tashi ta gwada a aikace. Na saba in riƙa zagayawa ta bayansu, wadda ta ƙobare a ruku'u in danna mata baya ya miƙe, wadda ta buɗe ƙafa da yawa in tura mata da tawa, wadda ta karkace a zaman tahiya in kama ƙugunta in daidaita. Haka aka yi mini, haka nake yi, ban taɓa ganin aibinsa ba.

Akwai wata yarinya, amarya, mai ƙoƙari da natsuwa. Rannan tana ruku'u na zo ta bayanta na kama ƙugunta, sai ta zabura ta yi gefe, jikinta yana rawa kamar mazari. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi murmushi na ce, "Ke kuwa sai ka ce kin ga aljani!" Tun daga ranar ba ta sake zuwa ba. Na ɗauka ko laulayi ne, na bar maganar. Sai da na kwanta jinyar bayana, ina tuna yadda hannu ya sauko mini ban gan shi ba, fuskarta ta faɗo mini a rai.

Da na sami sauƙi na je har gidanta. Bayan mun gaisa na ce mata na zo neman afuwa ne. Ta daɗe kanta a ƙasa, sannan ta ce, "Malama, wallahi ba laifinki ba ne." Ashe tana 'yar shekara tara an ɗaukar musu wani mai koya musu karatu a gida, a soro yake zama da su, kullum sai ya zo ta bayanta wai zai gyara mata zama da riƙon alƙalami. Ba sai na ƙarasa miki ba. Ta gaya wa babbar yayarta, aka ce ta rufe bakinta kada ta ja wa malami sharri. Shekara goma sha ɗaya ba ta sake gaya wa kowa ba, har mijinta. Duk sanda aka taɓa ta ta baya ba ta gani ba, sai ta koma soron nan. Da izininta nake ba da wannan labari, na kuma sauya abin da zai sa a gane ta. Ta dawo makaranta, alhamdu lillahi. Amma ki duba, saura ƙiris in raba baiwar Allah da neman ilimi saboda ina son bayanta ya miƙe a ruku'u.

Abin da addini ya riga ya koya mana

Katin da Turawa suka ƙirƙiro bayan sun sha wuya, mu an ba mu wanda ya fi shi tun sama da shekara 1,400. A Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, Allah (SWT) Ya hana mu shiga gidan da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama, Ya kuma ce idan aka ce mu koma, mu koma. A aya ta 58 har yaran gida an umarce su da neman izini a lokuta uku. Hadisin Abu Musal Ash'ari (RA) da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba ka juya. To idan ɗakin da aka gina da ƙasa da azara yana da wannan alfarma, ina ga jikin da Allah Ya gina Ya ba ki amana? Kasancewar mu duka mata ne bai ɗauke wannan ba, domin tsakanin mace da mace ma akwai al'aura, daga cibiya zuwa gwiwa, kuma abin da aka hana kallo, taɓa shi ya fi hanuwa in ba da lalura ba.

Ba wai gyara da hannu haramun ne ba. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) yakan shafi kafaɗun sahabbai maza yana daidaita musu sahu, kuma ya kama Abdullahi ɗan Abbas (RA) yana yaro ya mayar da shi damansa a sallar dare, a ɗakin Nana Maimuna (RA), 'yar'uwar mahaifiyar yaron. Amma ki lura da mutumin nan da ya munana sallarsa: sau uku ana mayar da shi ya sake, daga ƙarshe da baki aka koya masa, daki-daki. Nana A'isha (RA) kuma ta shaida cewa hannunsa mai albarka bai taɓa hannun wata mace ba a wurin mubaya'a, da magana yake karɓa.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne labarin da ke cikin Sirar Ibnu Hisham. A ranar Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) yana daidaita sahun mayaƙa da wata kibiya a hannunsa, sai ya tarar da Sawadu ɗan Gaziyya (RA) ya ɗan fito daga layi, ya zungure shi a ciki ya ce ya daidaita. Sawadu ya ce an ji masa zafi, yana neman ramuwa. Fiyayyen halitta bai ce masa raki ba, bai ce ai gyara nake maka ba. Yaye rigarsa ya yi ya ce ya rama. Sawadu ya rungume shi ya sumbaci cikinsa, domin dama abin da yake so ke nan, fatarsa ta taɓa ta Annabi kafin a shiga yaƙi. Idan Shugaban malamai ya saurari wanda ya ce ya ji zafi, wace Anti ce, wace Malama ce ta fi ƙarfin a ce mata ta dakata? Ita kanta salla, da Imrana ɗan Husaini (RA) ya kai kukan basir, an ba shi damar ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Ibada ma an sassauta ta daidai ƙarfin jiki, balle kamo yatsun ƙafa.

Shawarwarina gare ki, uwargida

Na farko, tun ranar da za ki biya kuɗi ki tambaya: wa yake koyarwa, mace ce ko namiji? A ina ta koya? Tana taɓa mutane ko da baki take gyara? Ana ɗaukar hoto ko bidiyo a ajin? Wannan na ƙarshe kada ki raina shi, domin wasu don tallar wurinsu sai ki tsinci kanki a wayoyin mutane babu hijabi. Wurin da aka ji haushin tambayarki, ba wurin zuwanki ba ne. Namiji kuwa, ko sunansa koci ko malam ko mai tausa, ba shi da hurumin ɗora miki hannu. Lalurar asibiti hukuncinta daban, can ma kina da damar ki nemi mace, in babu ki nemi wata ta tsaya a ɗakin.

Na biyu, ki faɗi halin da jikinki yake ciki ko ba a tambaye ki ba. Idan kina da ciki, ko kina jego, ko an yi miki aiki wajen haihuwa, sai likita ya sallame ki. Mai hawan jini da mai hawan jinin ido su guji duk motsin da zai sa kai ya koma ƙasa ƙafa ta yi sama. Iyayenmu da suka daina al'ada ƙashinsu yakan yi rauni, danna musu baya suna sunkuye yana iya tsaga ƙashin gadon baya. Mai sikila ta kiyayi ɗaki mai zafi da ƙishirwa.

Na uku, ki san bambancin ja da zafi. Jin tsoka tana ɗan ja, kina iya numfashi kina iya magana, wannan shi ake nema. Amma zafi mai suka, ko zafi a cikin gaɓa kamar gwiwa da wuya, ko jin abu yana tsargawa zuwa ƙafa, ko mutuwar ƙafa, wannan jiki ne yake cewa a tsaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda take tsaye a kanki ba ta jin abin da kike ji. Idan bayan ciwon baya kika ga ƙafa tana rauni ko fitsari yana kufce miki, kada ki tsaya shafa man zafi ko neman mai ɗori, asibiti za ki nufa a ranar.

Na huɗu, ki tanadi kalmominki tun daga gida, domin a lokacin da abin yake faruwa baki yakan mutu. "Anti, don Allah nuna mini da baki." "Dakata, ina jin zafi." "Yau ba na so a taɓa ni." Ba rashin kunya ba ne, kuma ba sai kin kawo dalili ba. Wadda kuma abu ya taɓa samu ta sandare ta kasa magana, kada ta zargi kanta. Haka jikin ɗan Adam yake yi idan ya firgita, shirunta ba yarda ba ce.

Na biyar, 'ya'yanmu. Yadda kike koya wa yarinya ta yi sallama kafin ta shigo ɗakinki, haka za ki koya mata cewa ita ma ba a taɓa jikinta sai da izini, kuma akwai wuraren da babu mai taɓawa, ko malami ne, ko kawu, ko ɗan maƙwabta. Mai koyar da karatu a gida ya zauna inda ido yake kaiwa, ba a soro ko ɗaki a rufe ba. Kada kuma ki ce ai ina wurin. A Amurka, likitan 'yan wasan motsa jiki Larry Nassar, wanda aka ɗaure a Janairun 2018 bayan mata da 'yan mata sama da 150 sun yi bayani a gaban kotu, wasu ya ci zarafinsu da sunan magani alhali iyayensu suna zaune a ɗakin. Abin da ya fi ido tsaro shi ne yarinya ta san idan ta faɗa za a yarda da ita. Idan yaro ya ce ba ya son zuwa wurin wane, ki ajiye abin da kike yi ki tambaye shi a hankali, ba da tsawa ba. In kuwa abin ya riga ya faru, Allah Ya kiyaye, akwai Cibiyar Waraka a nan Asibitin Murtala da ke kula da waɗanda aka ci zarafinsu, kuma tun 2023 Jihar Kano tana da dokar kare yara. Rufa asirin azzalumi miƙa masa 'yar wata ne.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, na Islamiyya da na boko da na gidajen motsa jiki, ga yadda na koma yi. Ina fara gwadawa da jikina su gani. Wadda ba ta gane ba in gaya mata da baki. In har sai an taɓa, ina zuwa ta gabanta inda take ganina, in ce, "In taɓa kafaɗarki?" Idan ta ce to, in ɗora yatsu biyu in nuna mata inda za ta motsa da kanta, ba na dannawa, ba na ja, ba na kusantar ƙugu. Idan ta yi shiru ko ta yi 'yar dariyar kunya, na ɗauka a'a ta ce. Na yi zaton hakan zai ɓata mana lokaci, sai ga shi ruku'unsu ya fi na da kyau, domin wadda ta nemo daidai da kanta ba ta mantawa.

Ban daina motsa jiki ba. Kullum bayan sallar asuba ni da maƙwabciyata muna tafiyar minti talatin, in na dawo in yi miƙe-miƙen da likitar gashi ta koya mini a tsakar ɗakina. Har yau hannuna bai kai yatsun ƙafata ba, amma ina ruku'u ina sujada lafiya lau, ina kuma goya ɗana.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan jinin biƙi daga inda muka tsaya. Wadda take da tambaya ko gyara ta aiko ta ofishin mujalla kamar yadda aka saba, ba za a buga sunanta ba sai da yardarta. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya tsare mana mutuncinmu da na zuri'armu.